A ba yaro labarin kumbo, a hana shi na aljanu?

Malam Sabo, Agege: Assalamu alaikum jama'a. Jiya da daddare na tarar da yarona Khalifa cikin gidan sauro da 'yar tocila, yana karanta wani littafin Turanci mai zanen dodo a bangonsa, wai abokinsa ne ya ara masa a makaranta. Na karɓe. Ga matsayina, ina kuma so in ji naku. Yaro ɗan shekara 13 a ba shi ƙagaggen labarin kimiyya, na kumbo da taurari da na'urori, wannan na yarda, domin yana buɗe ƙwaƙwalwa. Amma na bokaye da aljanu da tsatsuba, ba abin da yake ƙara wa yaro sai tsoro da raunin imani.

Injiniya Nura, Ikeja: Wa alaikumus salam. Malam, ina bayanka. A 1865 wani Bafaranshe, Jules Verne, ya rubuta labarin mutum uku da aka harba zuwa wata daga jihar Florida ta Amurka. A 1969 kumbon Apollo 11 ya tashi daga Florida ɗin nan da mutum uku. Robert Goddard, wanda ya harba roka ta farko mai aiki da ruwan mai a 1926, yana saurayi ya karanta labarin H. G. Wells na mahara daga duniyar Mars, abin ya zauna masa a rai har ya zama aikinsa. A nuna mini mutum ɗaya da labarin dodo ya mayar injiniya.

Hajiya Rabi, Idi-Araba: Ƙanena Nura, ba kowane littafi ake rubutawa don ya haifi injiniya ba. Shekara 22 ina koyarwa, yaran da na ga sun kamu da son karatu, yawancinsu ta ƙofar labarin ban al'ajabi suka shigo. Malam Sabo, tambaya ɗaya gare ka. Ka karanta Ganɗoki kana yaro ko ba ka karanta ba? Malam Bello Kagara ya fara shi da yaƙin da aka yi da Turawa a ƙasar Kwantagora, daga nan ya ɗauki jarumin nasa ya jefa shi cikin duniyar aljanu. Shi da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam duk daga gasa ɗaya suka fito, wadda Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. A Magana Jari Ce kuwa aku ne ke zaune yana zuba wa ɗan sarki labari dare bayan dare don ya hana shi fita. Da waɗannan muka koyi karatun boko, malamanmu na allo kuma ba su ƙona su ba.

Malam Sabo: Na karanta su duka, Hajiya, har na haddace kirarin Ganɗoki. Amma namu daban ne. Musulmi ne suka rubuta, sun san iyaka. Na Turawan nan boka ne jarumi, yaro ya gama karantawa yana fata da shi ne mai sandar tsafin.

Hajiya Rabi: To ka ga maganar ta sauya. Da farko ka ce irin labarin ne ba ka so, yanzu kuma ka koma kan wanda ya rubuta da abin da ya sa a ciki. Wannan ta biyun ina iya zama mu tattauna ta.

Ustaz Kabiru, Obalende: Bari in sa baki kaɗan. Aljanu dai akwai su, da sura sukutum a Alƙur'ani mai sunansu, saboda haka ambatonsu a labari ba laifi ba ne a kan kansa. Sihiri kuwa haramun ne, ba mai ja. Abin dubawa shi ne yadda marubuci ya ɗauke shi: ya ƙawata shi ne har ya zama abin sha'awa, ko ya nuna shi a matsayin abin da ke halaka mai shi. Damuwar Malam Sabo tana da tushe. Inda ban bi shi ba shi ne zaton cewa labarin kimiyya ruwan sanyi ne. Wasu daga cikinsu sun fi taɓa aƙida, domin a can ne za ka ga ɗan Adam ya ƙera na'ura mai rai, ko ya kuɓuce wa mutuwa, kuma an lulluɓe abin da harshen ilimi yadda yaro zai ɗauka gaskiya ce. Dodo kuwa ko ɗan shekara 7 ya san ƙanzon kurege ne.

Lawal, Mil 12: Ustaz ya taɓo inda nake. Ni littafin da ya fi kama ni shi ne Dune na Frank Herbert, na 1965, wanda na saya tsoho a gefen titi a Yaba, bangon ma ya yage. Wata duniya ce da babu komai sai rairayi, ruwa ya fi zinari tsada, har mutanenta suna sa wata riga mai tara guminsu ta tace su sake sha. In mutum ya tofa yawu a gabanka girmama ka ya yi, don ya ba ka ruwan jikinsa. Ni da na fara zaman Legas da tura kurar ruwa, jarka 10 a kan taya biyu, ina hawa bene da biyu-biyu a hannu, wallahi da na zo wurin nan sai da na ajiye littafin na yi shiru. Wannan Bature ya san darajar ruwa. Amma a cikinsa akwai Mahadi, akwai jihadi, kalmominmu ne ya ara ya juya su yadda yake so, har ya nuna wasu ne suka shuka annabcin tun da daɗewa don amfanin kansu. Babba zai karanta ya tace. Khalifa kam ba zan ba shi yanzu ba, ga shi kuwa labarin kimiyya ne cikakke.

Injiniya Nura: Yaya Lawal, littafi ɗaya ka kawo. Ni ina magana ne a kan galibi. Labarin kimiyya yana tilasta wa marubuci ya ba da dalili, na tsafi kuwa in ya maƙale sai ya kaɗa sanda a wuce.

Zainab, Akoka: Yaya Nura, wannan layin da kake ja tsakaninsu marubutanmu na Najeriya sun daɗe da tsallake shi. Nnedi Okorafor ta fitar da Lagoon a 2014. Baƙin halittu ne daga sararin samaniya suka sauka cikin teku a gaban Bar Beach, wurin nan da aka cike da yashi ake gina Eko Atlantic. Jarumar masaniyar halittun ruwa ce, tana duba abu a madubin ƙara girma kamar kowane masani. A cikin littafin nan dai kuma akwai Mami Wata, akwai wata ƙatuwar gizo mai saƙa labari, akwai babbar hanya mai cin mutane. Duk wanda ya taɓa ganin abin da hanyoyin ƙasar nan ke yi wa matafiya ya san me take nufi. To a wane kwando za ka sa shi? Binti, wani littafin na Okorafor, ya ci kyautar Hugo da ta Nebula, manyan kyaututtukan irin waɗannan labarai, a 2016, Rosewater na Tade Thompson ya ci ta Arthur C. Clarke a 2019. Amma Baba Sabo, Lagoon da Rosewater na manya ne, akwai zubar da jini da abin da bai dace da yaro ba. Binti gajere ne, yarinya ce gwanar lissafi ta bar gida ta hau kumbo zuwa jami'a, ana iya farawa da shi.

Malam Sabo: Allah ya yi miki albarka, 'yata. Duk na Turanci ne dai kuke ta kawowa.

Hajiya Rabi: Muna da namu. Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, 1969, shekarar da aka taka wata. Yaro Kilba ne wani baƙon halitta ya ɗauka ya zaga da shi sararin samaniya. Ina da shi a akwati. Sai dai Malam, ka gaya mini gaskiya, Khalifa yana iya karanta shafi guda na Hausa ba tare da in'ina ba?

Malam Sabo: Gaskiya ba ya iyawa sosai. Yana ji, yana yi, amma Yarbanci da Turancin buroka sun fi zama a bakinsa. A Agege aka haife shi.

Hajiya Rabi: Abin da ke hana ni barci ke nan, ba dodon bango ba. Yaron da zai ɓuya cikin gidan sauro da tocila don ya yi karatu, a wannan zamani na waya, kyauta ce Allah ya ba ka. In ka kashe wannan wutar ba lallai ta sake kamawa ba. Ka zauna da shi bayan isha'i, ka karanta shafi, ya karanta shafi, ku fara da Kilba tunda kumbo ka yarda da shi. In ya saba sai ku shiga Ganɗoki, ka gani da idonka ko zai raunana masa imani.

Ustaz Kabiru: Wancan da ka karɓe kuma, Malam, ka buɗe shi kuwa?

Malam Sabo: Ban buɗe ba, bangon na gani. Yana aljihun babbar rigata. Zan karanta babi uku kafin Juma'a, in na ga boka ne ake yi wa kirari, zai koma hannun mai shi, ba zan sauya a kan wannan ba. In ba haka ba ne zan mayar wa yaron abinsa.

Injiniya Nura: Ni ina nan kan bakana, na kimiyya ya fi amfani. Ina da na Verne ɗin a Turanci mai sauƙi, zan kawo wa Khalifa.

Hajiya Rabi: Kawo, ba a hana ka ba. Malam Sabo, ka aiko shi Idi-Araba ranar Asabar da hantsi kafin gosulo ya kama, ya zo da jaka, takardun sun tsufa ba sa son ruwa.