Burki lafiya lau amma mota ba ta tsayawa in akwai rairayi bisa kwalta

Ɗan Mabera:
Salam jama'a, don Allah masu sanin mota ku taimaka. Hanyar Sakkwato zuwa Bodinga akwai wuraren da iska ke kwaso rairayi ta zuba bisa kwalta, in ka taka burki nan sai ka ji mota na ta tahiya abinta, kuma bakanike ya duba ya ce burkin ba shi da komi. To laifin mota ne ko na titi?

Malamin Fizis:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Burki taya kawai yake riƙewa, abin da ke tsai da motar kanta gogayyar robar taya da kwalta ce, in rairayi ya shiga tsakaninsu sai taya ta hau bisa shi yana mirginawa, kamar ka taka gero da anka zubar bisa siminti. Amma ni abin da ya fi damuna gudun da mutane ke yi. Busasshiyar kwalta mai kyau, kana kilomita 50 a awa, kusan mita 14 za ka ci bayan ka taka burki, in kana 100 kuwa wajen mita 56 ne, wato ninki huɗu ba biyu ba, kuma kafin ƙafarka ma ta kai ga burkin daƙiƙa guda ta wuce ka riga ka ci mita 28. Sai ka ƙara rairayi bisa wanga lissafi.

Usta mai faci:
Malam ya gama magana, amma yallaɓai ka duba tayoyinka ma, da yawa masu kawo muna aiki zanen taya ya suɗe tas suna cewa ai ba ta fashe ba. Ruwan farko na damina ya fi komi haɗari, ƙura da baƙin man da sunka taru tun rani su haɗu da ruwa titi ya yi santsi.

Hajiyar Arkilla:
Allah shi saka. Ku gaya ma 'yan kabu-kabu su daina damƙe burkin gaba cikin rairayi da yaranmu a baya, wallahi raina na tashi in na gani.

Ɗan Mabera:
Na gode ƙwarai. Malam, mota mai ABS hwa?

Malamin Fizis:
ABS na'ura ce cikin burki, tana hana taya ƙamewa ka samu juya sitiyari, amma cikin rairayi mai yawa tana iya ma ƙara nisan tsayawa. Ka sassauta totur tun kana hango wurin.