Injin CNC na sassaƙa mazubi: wanda ya taɓa aiki da shi ya zo ya faɗa

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Aikina zuba faiba ne, kuma har yanzu da hannu nake sassaƙa mazubi. Ina son sayen injin CNC, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, amma duk mai sayarwa ƙarfin mota da faɗin tebur yake nuna mini. Ni kuwa so nake awo ya fito daidai, fuskar mazubi ta fito sumul, aikin samfefa ya ragu. Magabata, me zan duba?

Mai sassaƙa katakon MDF: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, fara da gangar jikin injin. Na yi aiki da wani mai siririn alminiyam, belet ke jansa. Rubutu a kan allo lafiya lau, amma da aka shiga mazubi mai zurfi sai ga tsagi-tsagi a bango, don gadar da ke ɗauke da sifindil, wato motar da ke juya bakin yanka, rawa take yi. Da muka koma mai jikin ƙarfe da layukan zamiya na kamfanin Hiwin, fayil ɗin zanen nan, bit ɗin nan (wato bakin yanka), tsagin ya ɓace. In ka je gani, kama sifindil ɗin da hannu ka tura shi, injin yana kunne amma sifindil ɗin ba ya juyi. In ka ji motsi, bar musu kayansu.

Makanikin inji: Gaskiya ne, Oga. Ni abin da ya fi ba ni wahala shi ne wasa, wato ɗan ratar da ake samu duk lokacin da inji ya juya baya. Mazubi mai ɓari biyu ba ya yafe wannan, bakunan ba za su haɗu ba. Sa agogon awo, ka tura injin milimita 10 gaba, ka dawo da shi, ka ga ko allurar ta koma sifili. Sukuru mai ƙwallaye a cikin noti ya fi belet nesa a wannan.

Mai manyan mazubai: Malam makaniki, ban ƙi taka ba, amma dogon sukuru in ya yi gudu lilo yake yi. Nawa giya ce da layin haƙora a tsawo, sukuru a hawa da sauka, kuma ban yi kuka ba.

Mai shirya fayil: Ku bar ni in kare injin kaɗan, don sau da yawa laifin ba nasa ba ne. Bit mai zagayayyen kai yana barin ɗan tudu tsakanin layi da layi, kamar kunyar gona. Da bit mai kaurin milimita 6, in tazarar layi milimita 0.5 ce, tudun kusan 0.01 ne, samfefa mai laushi ta ishe shi. Ka ninka tazarar, tudun ya ninku huɗu. Ni nakan yi yankan fari da bit mai faɗi, in bar kamar milimita 0.3, sannan in bi da na gamawa. Sai tsawon bit: in abin da ya leƙo daga kolet, wato abin da ke riƙe bit, ya ninku biyu, lanƙwasarsa ta ninku takwas. Shi ya sa mazubi mai zurfi ke tona asirin kowa. Wani abin kuma, na taɓa ganin inji mai kyau yana fitar da fuska kusurwa-kusurwa, ashe fayil ɗin STL ne, wato zanen da ake haɗa siffa a cikinsa da alwatika, aka fitar da manyan alwatika. Aka sake fitarwa da ƙanana, magana ta ƙare.

Mai aikin alminiyam: Sifindil mai kilowat 2.2 da ke kai juyi 24,000 a minti ya ishe ni. Na zaɓi mai sanyaya da ruwa saboda yankan gamawa yana cin awoyi ba tsayawa. Motar sitefa kuma, wato mai tafiyar da inji taku-taku, in ta tsallake taku ba ta sanar da kai, sai ka ga matakala a jikin aiki.

Mai tambaya: Allah ya saka muku da alheri. Mazubaina sukan kai santimita 15 a zurfi, nisan hawa da saukar sifindil nawa zan nema?

Mai manyan mazubai: Haɗa kaurin katako da tsawon bit, ka ƙara sarari. Kada ka wuce buƙata, gada mai tsayi ta fi rawa. Kuma kafin ka biya, kai musu fayil na rabin ƙwallo su yanka a gabanka, ka auna, ka shafa da yatsa.