Wai tun daga PES 6 ba a sake yin gem ba? Muhawarar ƴan fadarmu ta Zango

Laminu: Assalamu alaikum ƴan fada. Jiya da dare na tarar da Abba ɗana a zaure, ya duƙufa kan salular uwarsa yana Free Fire. Na fi minti goma tsaye a kansa bai san na shigo ba. Da ya ɗago, ko sannu da zuwa babu, sai "Baba ka saya mini diyamon", wato kuɗin cikin wasan. To ga maganata, mai jin haushi ya ji: tun daga wasan ƙwallo na PES 6 na 2006 ba a sake yin gem ba. Abin da yaran nan ke riƙewa kanti ne aka shafa masa fentin wasa. Mu a zamaninmu yatsa ke raba gardama, su kuwa aljihu ke raba musu.

Nafi'u: Wa alaikumus salam, Yaya Laminu. Ba rashin kunya ba, amma yaushe rabonka da manet, abin da ake riƙewa a buga gem?

Laminu: Kai, lokacin da nake kora manya daga kan benci kana goye.

Nafi'u: Shi ya sa na tambaya ai. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Mushe Ibro: Ku dakata, kun fara daga tsakiya. Kafin PES akwai kaset mai ruwan ɗorawa. A layinmu na Birni gida ɗaya ne ke da na'urar, wani ɗan kasuwa ya kawo wa ƴaƴansa daga Kano, mu kuma muna cika ƙofar ɗaki kamar an raba sadaka. A jikin kaset an rubuta wasa 9999, ka kunna ka tarar Mario ne da Contra da Tanka da harbin agwagwa suke ta maimaita kansu da sabon suna. In ya ƙi tashi a zare a hura masa iska, kowa da irin hurinsa. Sai da na girma na san ba ta Nintendo ba ce ma, kwaikwayon Famicom ce wadda ta fito a Japan tun 1983, Mario ɗin kuma na 1985 ne. Wato abin da muke wa kallon sabon yayi ya haura shekara goma kafin ya iso Damagaram. Amma ina tare da Laminu a abu ɗaya. Super Mario gaba ɗayansa bai wuce kilobait 40 ba, hoton da kuke turo mana na barka da Juma'a ya fi shi nauyi, kuma a cikin wannan ɗan wurin aka gama wasa cif. Ranar da aka rufe kaset, hannun mai ƙera shi ya fita daga aljihunka har abada.

Laminu: Allah ya biya ka, Mushe. Da tsohuwar zuma ake magani.

Alhaji Mutari: Laminu. Ni za ka gaya wa a da aljihu ba ya magana?

Bashir: Tirƙashi! Mai gidan gem ya iso.

Alhaji Mutari: Shekara tara na yi ina buɗe shagon nan. Tele biyu na fara da su da PlayStation ta farko, wasa dala biyar. Da na kawo PS2 na mai da shi dala goma, wanda aka ci shi ke biya, wanda ya ci ya zauna. Na san yaran unguwar nan ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda kuke kira gwanaye, duk ƴaƴan masu hali ne ko masu taɓa canjin cefane. Yaron da ke buga wasa goma a yini dole ya fi wanda ke buga ɗaya a mako. Akwai waɗanda suka shekara suna zuwa shagona ba su taɓa riƙe manet ba, sai dai su tsaya a baya suna cewa "danna kare, danna kare", wato maɓallin nan mai alamar murabba'i. Yatsan da kake taƙama da shi, ɗana, da kuɗi aka wasa shi. Littafin bashin ma yana nan, ban yar ba.

Laminu: Ranka ya daɗe, lokaci ka sayar mana, ba ka taɓa sayar mana da ci ba. In na zauna da ɗan Alhaji wane, manet ɗinsa irin tawa ce, ƙungiyoyin da yake gani su nake gani. Adriano na Inter da ƙarfin bugunsa 99 yana nan ga kowa, har sai da kai da kanka ka kafa doka ba a ɗaukar Inter saboda faɗa. Yau fa? Konami mai ƙera shi ta kashe sunan PES a 2021 ta koma eFootball, wai kyauta. Ka shiga ka ga kyautar. Ka sayi tsabar cikin wasa, ka jefa, ko babban ɗan wasa ya fito maka ko kar ya fito. Wannan da caca me ya raba su? Ko FIFA da muke rainawa, ita ma tun 2023 sunan ya ɓace, ta koma FC, amma kantin ciki yana nan daram.

Nafi'u: Na eFootball ba zan musa ba, ni ma ya taɓa ci mini jika biyu ban samu komai ba. Amma Free Fire da ka fara da shi, ka taɓa bugawa? Mutum 50 ake saukewa a tsibiri, cikin kamar minti goma a san wa ya rage. Yawancin abin da diyamon ke saya riga ce da fentin bindiga. E, akwai jaruman da ake saya masu ɗan ƙarin dabara, amma wanda bai iya saiti ba ko ya zuba jika hamsin farkon mutuwa zai yi. Kuma da gangan aka ƙera shi don ƙananan salula irin tamu, shi ya sa ya fi PUBG yaɗuwa a nan. Ƙungiyarmu mu huɗu ce, ni a nan, ɗaya a Maraɗi, ɗaya a Diffa, ɗaya a Kano. A shagon Alhaji iyakar abokin karawarka ɗan layinku.

Laminu: Ɗan layinmu in na ci shi ina ganin idonsa. Gobe in mun haɗu a famfo sai ya sunkuyar da kai. Kai wa kake gani?

Rakiya: Tun ɗazu nake karanta "mu", "zamaninmu". Yaya, su wa ke nan? Sau nawa Inna ta aike ni kiranka a shagon Alhaji? Iyakata bakin labule, in leƙa in ga hasken tele, wani ya daka mini tsawa wai me mace take nema a nan. Ban taɓa sanin yadda manet take a hannu ba sai bayan aurena. Gem ɗina na farko Maciji ne a Nokia 3310 ta Baba, in ya shiga wanka in ɗauka, in ji motsin buta in mayar. Kuma na fi ka maki, ka tuna, har ka goge. Yanzu in ina aikin dare kuma marasa lafiya sun samu barci, ina Candy Crush ko Ludo da ƙawayena, ba mai cewa in fita. Wannan kantin da kake zagi, shi ne na farko da ya buɗe mana ƙofa.

Alhaji Mutari: Gaskiyarki, ƴata. Da na bar mace ɗaya ta zauna, da washegari mai unguwa ya rufe ni.

Laminu: Ban goge makin nan ba, batir ne ya fita.

Rakiya: Allah ya gani.

Bashir: Ni daga nan Agadas nake ta dariya. Kowa ya tsaya kan ƙwallo an manta wasan GTA San Andreas. Wasan 2004 ne, amma sai da ya yi shekaru yana cin kasuwa a wurinmu. Tsakani da Allah wa ya taɓa bin labarinsa? Turancin ba mu ji, aikin da aka ba CJ, jarumin wasan, ba mu sani ba. Mu dai a ƙwace mota, a tara taurarin ƴan sanda, a ga wa zai fi daɗewa. Akwai yaron da ya kwafe lambobin sirri a takardar lakwal, yana ba da haya dala biyu a duba sau ɗaya. Ga Mortal Kombat da ake tsinke kan mutum muna tafi. Don haka duk wanda zai ce wasan yara na yau ya cika harbi, ya fara istigfari tukuna.

Amma abin da har gobe nake jin ciwonsa shi ne Master League na cikin PES, inda kake gina ƙungiyarka. Ka fara da su Castolo da Minanda, mutanen da ba su taɓa rayuwa a duniya ba, ka yi ta tattalin maki har ka sayi manya. Na yi wata biyar ina gina ƙungiyata a katin ajiya mai mega takwas. Shekarar da Mena, ƙungiyar ƙwallon Nijar, ta fara zuwa gasar Afirka a 2012 na zauna na ƙera ƴan wasanmu da hannuna, Maazou na ba shi gudun da ko shi bai san yana da shi ba. Rana ɗaya wani ƙanena ya danna abin da bai sani ba, komai ya tafi. Kwana biyu ban ci tuwo ba.

Nafi'u: Ka gani ko, Yaya Bashir? Yau da a ce salularka ta faɗa rijiya, ka sayi wata ka shiga da sunanka, ƙungiyarka na nan.

Bashir: Tana nan, har ranar da kamfanin ya ga dama ya kashe wasan. Katin nan aƙalla nawa ne.

Mushe Ibro: Laminu, kafin ka yi murna, ga gyara. Contra da muke yabo a 1987 an fara yin shi ne don akwatunan da ake jefa wa kwabo a gidajen wasa. Wuyarsa ba tarbiyya ba ce, dabarar cin kuɗi ce, harsashi ɗaya ka mutu ka sake jefawa. Shi ya sa duk wanda ya haddace danna sama sama, ƙasa ƙasa, hagu dama, hagu dama, B, A ya samu rai talatin muke ganinsa kamar malamin tsibbu. Neman aljihun yaro ba yau aka fara ba. Abin da ya canza, a nawa ganin daga cikin aji, shi ne wasan da yana ƙarewa. Kuɗinka ya ƙare, ko wuta ta ɗauke, ko Alhaji ya ja ƙofa da kiran magariba. Na yau yana bin yaro har ƙarƙashin bargo, yana ce masa in bai shigo yau ba ladar yau ta wuce shi. Ina da ɗalibai da ke zuwa ƙarfe takwas idanu jawur, ba zazzaɓi ba ne. Beljiyam tun 2018 ta ce akwatunan sa'a da ake saya a cikin gem caca ne, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a 2019 ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka.

Rakiya: Wannan na yarda, Mushe, ina ganinsu. Amma salular wa Abba yake riƙewa har ƙarfe goma sha ɗaya? Alhaji ya ja ƙofarsa a lokacinsa, yanzu ƙofar tana hannun Yaya.

Laminu: Ke dai yau da ni kika tashi.

Bashir: Bari in tona kaina. Bara na sa PES ɗin da a salula, irin wanda ake kunna wasannin PSP, ƙaramar PlayStation ta hannu, da shi. Wallahi ƴan wasan kamar an sassaƙa su da gatari. Wasa biyu na yi na goge.

Laminu: Don ka buga shi a kan gilashi ne, kai kaɗai, ba maɓalli. Wa ke cin tuwo da cokali mai yatsu ya ce miya ba daɗi? A ba ni manet mai waya da tele mai ƙeya, a zaunar da duk wanda ya isa a gefena. Ban janye ko kalma ɗaya ba.

Nafi'u: To a yi ta ƙare mana. Gani ya kori ji.

Alhaji Mutari: PS2 ɗaya na nan a ɗakin ajiya, siririyar, bara jikana ya kunna ta ta tashi. Faifan PES 6 ma akwai, sai dai a goge shi da gefen riga. Manet biyu ce, ɗaya karenta na maƙalewa.

Laminu: Wannan ta Nafi'u ce. Yaro ke ɗaukar mai matsala, haka muka gada.

Nafi'u: Na yarda, da sharaɗi. In mun gama, ka karɓi salula mu yi zagaye na biyu a Free Fire, Abba ya zama kyaftin ɗinka.

Rakiya: Ni ma ina zuwa, kuma ba a bakin labule zan tsaya ba. Wanda ya ci, da ni zai kara.

Mushe Ibro: Juma'a bayan isha'i ke nan, ni zan kawo shayi da gawayi. A hana Inter tun yanzu.

Alhaji Mutari: An hana. Wasa dala goma kamar da. Laminu, na buɗe littafin, dala tamanin da biyar ake bin ka tun bakans ɗin 2008. Ka taho da su kafin ka taɓa manet.