Fom ɗin Excel yana ɓacewa idan an sauke tagar

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na haɗa fom da VBA (harshen rubuta umarni na cikin Excel) domin shigar da cinikin shago, amma duk lokacin da na sauke tagar Excel ƙasa, sai fom ɗin ya ɓace tare da ita. Yaya zan yi?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Tagar Excel ce ke riƙe da fom ɗin, shi ya sa yake binta. Ka buɗe shi da vbModeless (umarnin da ke barin a yi aiki da Excel ko da fom yana buɗe), sannan maimakon sauke tagar, ka ɓoye ta da Application.Visible = False.

Amsa ta biyu: Malam ya faɗi gaskiya, sai dai wajen rufe fom ɗin ka mayar da Application.Visible zuwa True, in ba haka ba Excel zai ci gaba da aiki a ɓoye, har sai ka nemo shi a Task Manager (inda Windows ke nuna manhajojin da ke aiki).

Mai tambaya: Na gwada, ya yi. Allah ya saka da alheri.