Na'urar da ake dasawa a kai saboda farfaɗiya: wa ya san gaskiyarta?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum jama'a. Yarona shekararsa 7, tun yana ɗan shekara 3 farfaɗiya ta kama shi. Mun fara da fenobabiton, aka koma Tegretol, yanzu Epilim da Keppra yake sha a haɗe, amma har yau ba ya yin kwana uku cur bai faɗi ba. Kuma ba kullum ba ne mai jijjiga da kumfar baki, wani lokaci yana tsaye sai kawai ya kife kamar an sare masa ƙafa. Goshinsa duk tabo. Bara na cire shi daga makaranta.

Ƙanwar mijina ce ta turo min labarin wani yaro a Landan da aka dasa wa na'ura a kai, wai faɗuwarsa ta ragu sosai. Tun ranar baban Sadiq yake maganar sayar da filinmu. Don Allah wanda ya san yadda abin yake ya faɗa min kafin a sa hannu a takarda.

Anti Nas:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Labarin gaskiya ne. A watan Oktoba na 2023 aka yi aikin a asibitin yara na Great Ormond Street, yaron yana da shekara 12, yana fama da nau'in farfaɗiya mai taurin kai da ake kira Lennox-Gastaut. An zura siraran wayoyi biyu har tsakiyar ƙwaƙwalwa, wurin da ake kira talamus, aka haɗa su da wata 'yar na'ura mai suna Picostim da aka kafe a ƙashin kai. Ita ke aika 'yar wuta a kai a kai don ta katse hargitsin da ke jawo faɗuwar. Cajinta ma ta wani abin sawa a kunne ake yi. Faɗuwarsa ta rana ta ragu da kashi 80 cikin 100.

Amma gwaji ne na bincike, yara ƙalilan aka zaɓa, ba aikin da za ki je da kuɗi ki ce a yi miki ba ne. Kuma ragewa ta yi, ba warkewa ba, bai daina shan magani ba. A Amurka ma da aka amince da irin wannan dashe a 2018, manya aka amince wa.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne wannan kifewar da kika ce. An taɓa yi masa awon EEG, wato awon wutar ƙwaƙwalwa, da hoton ƙwaƙwalwa na MRI? Akwai nau'in farfaɗiyar da Tegretol ke ƙara wa tsanani, shi ya sa sanin nau'in ya zo gaba da komai. Ki ɗauki bidiyonsa da waya idan abin ya tashi, ki kai wa likitan ƙwaƙwalwar yara a asibitin koyarwa. Kada ki tsayar da ko ƙwaya ɗaya da kanki.

Baban Hanifa:
Hajiya, mu a Ingila muke, 'yata tana da wata na'urar daban. Ita a ƙirji ake sa ta, gefen hagu, waya ta hau zuwa wata jijiya a wuya, ba a buɗe kai. Faɗuwarta ta ragu kusan rabi, sai dai mun shekara kafin mu ga hakan. Idan na'urar ta tashi aiki muryarta kan dushe, yayyenta har tsokanarta suke yi. Ku sani dashen ba shi ne ƙarshen zirga-zirga ba: ana komawa a daidaita ƙarfin wutar, batir ya ƙare a sake tiyata. Wa zai riƙa yi muku wannan bayan kun dawo gida? Ku bar filin nan tukuna.

Maman Sadiq:
Na gode, Allah ya saka da alheri. EEG sau ɗaya aka yi, tun yana ɗan shekara 4. MRI kuwa ba mu taɓa yi ba, kuɗin ne ya gagara a lokacin. Na karanta wa babansa, ya yi shiru, can ya ce in tambayo nawa ake yin hoton yanzu. Anti Nas, sai an sa shi barci kafin a shigar da shi injin? Sadiq ba ya iya kwanciya wuri ɗaya ko na minti biyu.