Taba, shisha da taba gari: abin da aka tattauna a taƙaice

Ga abin da na tsinto daga maganganun ƴan uwa na nan Yamai.

1. Babu saɓani kan sigari. Hayaƙinta na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 na jawo kansa. Mai zama kusa ma shaƙa yake, musamman yara da masu ciki.

2. Shisha ce ta fi ɗaukar lokaci a tattaunawar. Matasan fada, wato majalisar hira da shan shayi, na cewa ruwa na tace dafin, ma'aikatan lafiya suka ce sanyaya hayaƙin kawai yake yi. Gawayin na fitar da iskar da ke hana jini ɗaukar iskar shaƙa, shi ya sa kai ke sarawa, wani har ya suma a ɗaki rufe. Ga bakin bututu ɗaya na zagaya mutum shida.

3. Taba gari ba sauƙi ba ce. Kanwar da ake haɗawa na sa nikotin saurin shiga jini. Farin tabo ko miki a baki da ya wuce sati 2, a kai wa likita. Haka tarin da ya wuce sati 2, a auna tarin fuka.

4. An rabu kan yadda za a bar taba: wasu a yanke rana ɗaya, wasu a rage sannu. Ni dai na fi ganin na farko, mai ragewa yakan sami dalilin ƙarawa. Kwana 3 na farko sun fi wuya, sha'awar kuma mintoci take yi ta lafa. A sha ruwa, a ɗan ƙaurace wa shayin fada.

5. An tuna cewa dokar Nijar ta 2006 ta hana shan taba a wuraren jama'a.