Daga Tema zuwa Takoradi, a gaɓar tekun Ghana, a ƙaramin jirgin ruwa mai filafilai: kwana nawa, kuma ina ake kwana?

Ɗan Nima:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Mu huɗu ne, jirginmu mai filafilai ne, tsawonsa mita 9, da ƙaramin injin dizal. Muna so mu bi gaɓa daga Tema har Takoradi mu dawo. Kwana nawa za mu ware, wane wata ya fi, kuma ina ake yada zango?

Baba Ashaiman:
Wa alaikumus salam ɗana. Nisan kamar mil 115 ne na teku, amma tafiya yamma ba ta lissafuwa da nisa kaɗai. Iskar gaɓar nan yawancin shekara daga kudu maso yamma take busowa, wato kusan daga inda ka dosa, ruwan kuma gabas yake ja. Jirgi mai filafilai ba ya kutsawa cikin iska kai tsaye, sai kana karkata dama da hagu, mil 40 ya koma 60 ko fiye. In kana yin mil 5 a awa, jan ruwa ya ƙwace maka 1, rana za ta faɗi ba ka isa ba.

Ku kasa ta uku: Tema zuwa Winneba kamar mil 42, Winneba zuwa Elmina 46, Elmina zuwa Takoradi 27. Ku ƙara kwana ɗaya na ko-ta-kwana. Ku tashi tun asuba, lokacin iskar teku ba ta taso ba, ku ci nisa da inji kafin azahar, don da yamma take ƙarfi. Dawowa kam ba wuya, iska da ruwa duk suna bayanku.

Wata kuwa, Nuwamba zuwa Fabrairu teku ta fi kwanciya, sai dai hazon hunturu na iya ɓoye gaɓa, don haka GPS da taswirar takarda dole ne. Yuli zuwa Satumba igiyar ruwa na da girma. Daga Maris zuwa Mayu, in kun ga baƙin hadari ya haɗo daga gabas, ku naɗe filafilai nan take, kada ku jira iskar ta iso.

Yaya Sekondi:
Baba ya gama maganar hanya. Wurin kwana shi ne abin damuwa, ƙanena, domin gaɓar nan ba ta da mafaka mai yawa. A Winneba fili za ku kwana, can bayan inda igiyar ruwa ke fashewa, a zurfin mita 8 zuwa 10. Ku saki sarƙa da igiyar anka (ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi) ninki 5 zuwa 7 na zurfin, wato mita 10 na son mita 50 aƙalla. Ku ja jirgin baya da inji a hankali, mutum ɗaya ya ɗora hannu kan sarƙar: in tana karkarwa tana tsalle, ankar ba ta kama ba, a ɗago a sake. Idan igiyar ruwa na dukan jirgin ta gefe, ku jefa ƙaramar anka ta baya ku juya goshin jirgin ya fuskanci igiyar ruwan, in ba haka ba babu mai runtsawa. A yi gadi bi da bi, awa biyu-biyu, da fitila fara a sama.

Ku duba taswira, bututun iskar gas da ya taso daga Najeriya yana bin ƙarƙashin teku har yankin Takoradi, da reshe zuwa Tema. Ba a jefa anka kusa da shi. Mashigar tafkin Benya a Elmina cike take da kwalekwale, kada ku kutsa sai kun nemi izinin shugaban masunta kun kuma tabbatar da zurfin. Takoradi tashar manyan jirage ce, ku kira su a rediyon VHF, lamba 16, kafin ku shiga, ku kuma yi nesa da sansanin sojan ruwa na Sekondi.

Mai Inji Tudu:
Irin wannan inji na shan kamar lita 2 a awa. Ku yi lissafin awa 30, lita 60 ke nan, ku ɗora 20 a jarka. Abu biyu ke kashe shi a hanyar nan. Girgiza tana tayar da dattin gindin tanki ya toshe filta, sai ku riƙe filta biyu na canji. Leda kuma, ga ta nan birjik a ruwan Accra, tana toshe kafar da inji ke zuƙar ruwan sanyaya shi. Da kun ga ruwa ya daina fita ta salansa, ku kashe inji take, ku cire ledar, ku duba robar famfon ko ta ƙone. Ruwan sha lita 5 kowane mutum a yini, da rigar ceto a jikin kowa.

Ɗan Nima:
Allah ya saka da alheri. To a dawowa, mu yi ta a jere har cikin dare?

Baba Ashaiman:
Ban ba ku shawarar haka ba, ɗana. Masunta na shimfiɗa raga mai tsawo da dare, wasu kwalekwalen ba fitila. In ta naɗe farfela, kashe inji za ku yi, sai wani ya nutsa da wuƙa, ga kuma diyyar raga. In ya zama dole, ku saita tafiyar ta faɗa ranar Talata, da yawancin masuntan ƙabilun Ga da Fante ba sa fita teku, ku sa mutum ɗaya a goshin jirgi da tocila mai ƙarfi.